Taron Gari Kan Ƙasa da Ruwa: Yadda Ake Shirya Shi Daga Gaisuwar Manya Zuwa Takardar Ƙarshe

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini, daga ƙauyukan Kuje da Kwali, daga Nasarawa inda ake rububin haƙar litiyam, har daga Neja da Zamfara: an zo an kafa turaku a gonakinmu, ko rafinmu ya canza launi, jama'a sun ce a kira taro, to ta ina za mu fara? Wasu ma sun riga sun yi taron. An cika fili, an yi ta magana har magariba, aka watse, bayan wata biyu katafila ta shigo kamar ba a taɓa cewa uffan ba.

Na zauna a irin waɗannan tarurruka da yawa, wani lokaci ina riƙe da biro, wani lokaci ina tafinta. Abin da na gani shi ne, duk maganar da ba ta hau takarda ba, ba ta kuma isa teburin wanda ke da ikon sa hannu ba, iska ce ke kwashe ta. Saboda haka yawancin aikin yana cikin makonni uku kafin ranar taro da makonnin da ke biye da ita. Ga yadda nake ba da shawara a bi shi daki-daki.

1. Ku tsayar da magana ɗaya

Kafin a gaya wa kowa, mutum uku ko huɗu su zauna su rubuta dalilin taron a layi ɗaya. Misali: "Muna son a dakatar da aikin da ake yi a fadamar gabas har sai an nuna mana takardun izini, an kuma ƙirga amfanin gonarmu a gabanmu." Idan layin ya kai biyar, ba ku gama tunani ba tukuna.

A kula: kowane gari yana da tarin koke, daga rashin asibiti zuwa rikicin sarauta. Idan kuka zuba su duka a taro ɗaya, jami'in da zai karanta takardarku zai zaɓi mafi sauƙi ya amsa, ya bar maganar ƙasar. Rikicin sarauta da na jam'iyya kuwa a bar su a bakin ƙofa gaba ɗaya.

2. Kwamitin shiri

Mutum bakwai sun isa. A samu dattijon da ya san iyakokin gonaki tun na kakanni, mace biyu aƙalla, matashi mai waya mai kyau da ya iya ɗaukar hoto, mai rubutu da hannunsa ke karantuwa, wanda zai riƙe kuɗi, da wakilin makiyaya ko masunta idan suna amfani da wurin. Mai riƙe kuɗi kada ya zama ɗan'uwan shugaban kwamiti na jini.

Nan akwai wurin da nake son in tsaya, domin a nan tarurruka da yawa ke lalacewa tun ba a fara ba. Maganar 'yan asalin wuri gaskiya ce, ba ƙirƙira ba. Lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Babban Birnin Tarayya da doka ta 6 ta 1976, akwai mutane zaune a wurin da gonakinsu da kaburburan iyayensu: Gbagyi, Gbari, Gade, Gwandara, Koro, Bassa, Ganagana, Egbura da Amwamwa. Har yau da yawansu suna jiran diyya ko matsuguni. Haƙƙinsu ne su faɗi haka da babbar murya. Amma Bahaushen da kakansa ya zo gari ya yi shekara sittin yana noma gefen rafi, da Bafulatanin da shanunsa ke sha a mashaya ɗaya da ku, su ma gubar ruwan ba za ta tambaye su takardar asali ba. Idan kuka ware su, kun ba mai son raba ku hanya, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na ga inda aka bar Arɗo a baya, washegari shi aka fara kai wa ziyara da alkawarin rijiyar burtsatse, aka fito da takarda cewa "al'umma ta amince".

Wani ƙaramin abu mai nauyi: ku kira kowace ƙabila da sunan da take kiran kanta. Wanda ya ce shi Gbagyi ne, a rubuta Gbagyi a takarda, a kuma faɗe shi haka a lasifika.

3. Gaisuwar manya

Ana bi ne daga ƙasa zuwa sama: mai unguwa, dagaci, sannan hakimi, ko Esu a ƙasar Gbagyi. Kada ku tsallake ɗaya. Bayan su sai liman da fasto, magajiya ko shugabar mata, sarkin noma, sarkin samari da Arɗo. Ku je mutum biyu ko uku, da goro gwargwadon al'ada, ku faɗi maganar a taƙaice: "Ranka ya daɗe, jama'arka ne suka aiko mu. Suna son su zauna kan maganar fadamar gabas, muna neman albarkarka, muna kuma roƙon ka halarta."

A kula: albarka kuke nema da halarta, ba ku miƙa masa taron ba. Wani basaraken yana tare da ku har zuciya, amma albashinsa daga gwamnati yake fitowa, ba zai iya faɗin abin da talaka zai faɗa ba. Wani kuma ya riga ya sa hannu a wata takarda. Ku girmama shi, ku ba shi kujerar gaba, amma mai gabatar da taro ya fito daga kwamiti. Idan ya ce a dakata, ku tambaye shi cikin ladabi zuwa yaushe, ku kuma ci gaba da mataki na 4 da na 5, domin su ba sa jiran kowa.

4. Ku nemo takardu kafin ku buɗe baki

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ƙashin bayan taron. Ku fara gano ko wane ne ke aikin, da izinin wa.

Idan gwamnati ce ta karɓi ƙasar, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mallaka saboda amfanin jama'a, amma sai an ba mai wurin sanarwa a rubuce. Ku tambaya: ina sanarwar, wa aka ba, ran nawa ga wata? Sashe na 29 kuma ya ce diyya ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini, shuka da itatuwa. Wannan ne dalilin da ya sa ƙirgar da za mu zo kanta a mataki na 5 take da muhimmanci haka. A Abuja babu gwamna. Sashe na 297 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora ƙasar a hannun Gwamnatin Tarayya, Ministan Abuja ne ke rabawa, kuma hukumar raya Babban Birnin Tarayya, wato FCDA, tana da sashen sake tsugunarwa da biyan diyya. Can takardarku za ta nufa.

Idan masu haƙar ma'adinai ne, lasisinsu daga Ofishin Rajistar Ma'adinai na tarayya yake fitowa, domin abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Ku nemi lambar lasisin da irinsa, don lasisin bincike daban yake da na haƙa. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ba ku abin riƙewa guda uku. Sashe na 116 ya wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, kuma ana sake duba ta duk shekara 5. Dokar ta tanadi kuɗin hayar fili da diyyar ɓarna ga mai gona. Sashe na 98 kuma ya hana aiki a wurin da mutane ke ɗauka mai tsarki, ya hana sare itacen da ake girmamawa.

Babban aiki kowane iri, dam ne ko masana'anta ko ma'adinai, akwai dokar muhalli ta 1992 da ta ce sai an yi nazarin illarsa ga muhalli. Ana baje rahoton na kwanakin aiki 21 don jama'a su karanta su yi ƙorafi, galibi a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli. Ku aika mutum ya tambaya ko an baje, yaushe, ina kwafin.

Idan an hana ku gani, ku rubuta wasiƙa ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ba sai kun faɗi dalili ba. Hukuma tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7, kuma abin da za ta caje ku bai wuce kuɗin kwafi ba. Idan ta ƙi, kuna da kwana 30 ku kai maganar kotu.

A kula: za ku ji masu fafutuka suna ambaton sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin 'yan asalin wuri ta 13 ga Satumba 2007, wadda ta ce kada a taɓa ƙasar mutane sai da yardarsu, ba tilas, kafin a fara aiki, bayan an gaya musu komai. Magana ce mai kyau, ku faɗe ta a taro. Amma Nijeriya ta ƙaurace wa ƙuri'ar ranar, kuma sanarwar ba doka ba ce a kotunanmu. Abin da ya fi ƙarfi a hannun lauya shi ne sashe na 44 na Tsarin Mulki kan biyan diyya ba tare da jinkiri ba, da Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan'adam da Al'ummomi, wadda Nijeriya ta mayar da ita dokar cikin gida. Sashenta na 24 yana magana kan haƙƙin zama a muhalli mai kyau.

'Yan'uwa na Jamhuriyar Nijar, tsarinku daban ne: dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda daga baya suka kai har matakin ƙauye, su ne ke ba da takardar shaidar gonar gado. Daga wurinsu za ku fara.

5. Zagayen iyaka da ƙirga

Ku ware yini biyu. Dattawa a gaba, matasa da waya a baya. A bi iyaka da ƙafa, a tsaya a kowace alama: kuka, dutse, kufai, maƙabarta, burtali, mashaya, wurin bauta. A ɗauki hoto tare da kunna alamar wuri a waya, don hoton ya riƙe rana da inda aka ɗauke shi. Da dare a zana taswira a babban kwali, kowa ya duba ya gyara.

Sai ƙirga, gona-gona. Littafi mai bango mai ƙarfi, shafi ɗaya ga kowane gida: sunan mai gona, abin da ya shuka, girman gonar, da itatuwa ɗaya bayan ɗaya, ɗorawa nawa, kaɗanya nawa, mangwaro, kashu, giginya, tsamiya, kuka. A rubuta manya daban, ƙanana daban. Mai gona ya sa hannu ko ya dangwala, maƙwabcinsa na iyaka ya shaida.

A kula: a nan ake cutar mata ba da gangan ba. Gonar ta miji ce, amma kaɗanyar da ake man kaɗe da ɗorawar da ake daddawa, da su ake sayen kayan ɗakin 'ya'ya mata. Gayaunar matar aure da gonar gwauruwa su hau littafi da sunan masu su. Haka wanda ke noma gonar aro ko ta haya: a rubuta mai ƙasa, a rubuta mai shuka, don kada a zo rabon diyya a koma faɗa da juna.

Idan maganar gurɓata ruwa ce, ku ɗauki hoton rafin a wuri ɗaya kowane mako, ku rubuta ranar da kifi ya mutu ko dabba ta faɗi, ku ajiye katin asibitin duk yaron da ya kwanta. Kada ku jira taro kafin ku kai yara asibiti. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara kusan 400 kafin a shawo kanta. Idan a garinku ana shigo da dutse gida a daka, wannan maganar ta shiga taro, ko da 'ya'yanku ne ke haƙar.

6. Rana, wuri da shela

Kada ku sa taro ranar kasuwa, ko Juma'a da rana, ko Lahadi da safe, ko tsakiyar shuka da noman farko. Bayan la'asar ya fi a yawancin wurare, amma ku lissafa awa biyu da rabi kafin magariba. Wurin ya zama na kowa: filin makarantar firamare ko gindin bishiyar kasuwa. Ban da gidan ɗan siyasa, ban da harabar kamfanin da ake magana a kansa. Masallaci ko coci ma a garin da ake cuɗe yana sa wasu su noƙe.

Inda mata ba sa fita taron maza, a yi nasu kwana ɗaya kafin babban taro, a gidan magajiya ko makarantar Islamiyya, mace ta rubuta, su zaɓi biyu da za su kawo matsayarsu.

Shela sau uku: saura mako ɗaya, saura kwana uku, da daren jajibiri. Mai shela ya zaga, a sanar a masallatai da coci-coci, a tura saƙon murya ta WhatsApp da kowane harshe da ake yi a garin. Rugage da ƙananan unguwanni a aika musu mutum takanas.

Ku rubuta wa DPO wasiƙar sanarwa, ku karɓi kwafi mai hatimi. Sanarwa ce, ba neman izini ba. Sashe na 40 na Tsarin Mulki ya ba kowa 'yancin taro cikin lumana, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2007 cewa ba a bukatar izinin 'yan sanda, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ɗora musu ba da tsaro idan an sanar da su. A yankin da ake fama da 'yan bindiga, ku ji shawarar masu tsaron gari kan lokaci, a gama da sauran rana.

7. Kuɗi da kayan aiki

Taron mutum 200 ba ya bukatar abin da ya fi ƙarfin gari. Ga abin da nake lissafawa: rumfa biyu, kujeru 50 na dattawa da baƙi, sauran tabarmi da bencin makaranta na aro; lasifika da makirufo biyu; ƙaramin janareta da fetur lita 5; ruwan leda jaka 15; goro; rim ɗaya na takarda, biro goma, tawadar dangwale biyu, manyan littattafai biyu; kuɗin kwafi; kuɗin data da cajin waya. Ku tambayi masu haya uku kafin ku biya ɗaya.

Abin da ya fi cin kuɗi yana zuwa ne bayan taro: motar wakilai zuwa sakatariya, zuwa babban birnin jiha, wani lokaci zuwa Abuja, sau uku ko huɗu. Ku ware rabin abin da kuka tara saboda wannan. A yi karo-karo gida-gida, wanda ba shi da kuɗi ya ba da kwanon hatsi a sayar. A rubuta komai, a karanta lissafin a bainar jama'a.

A kula: kada ku karɓi ko ruwan sha daga wanda kuke ƙorafi a kansa, haka daga mai neman takara. Kada kuma ku raba kuɗin zama. Ranar da kuka fara biyan mutane don su zo taron gonarsu, ranar da babu kuɗi ba za ku ga kowa ba. Idan wata ƙungiya ta kawo tallafi, a faɗi sunanta da adadin a gaban kowa.

8. Ranar taro

A buɗe da addu'a, ta Musulmi da ta Kirista inda ake tare. Basarake ya yi maraba. Mai gabatarwa ya karanta layin nan ɗaya na mataki na 1, ya faɗi ƙa'ida: minti uku ga kowa, ba zagi, ba kiran sunan ƙabila ko addini da mugun nufi. Sai mai rubutu ya karanta abin da aka samo a takardu, a ɗaga taswira kowa ya gani. Bayan haka a buɗe fili.

Tsarin masu magana yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Idan manya da masu ilimin boko suka fara, sauran sai su ce "abin da Alhaji ya faɗa shi ne". Ku fara da waɗanda abin ya taɓa kai tsaye: mai gonar da aka kafa wa turaku, matar da ke ɗibar ruwa a rafin, makiyayin da aka toshe wa burtali. Mai gabatarwa ya kira su da girmamawa: "Inna, ke kika fi kowa sanin rafin nan, gaya mana abin da kika gani." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tafinta ya tsaya kusa da makirufo, a fassara kowace magana, ko da ana ganin kowa na jin Hausa. Tsohuwar da za ta yi shiru da Hausa, da harshenta sai ta ba ku tarihin kowace bishiya.

Mutum biyu su rubuta, kowa da littafinsa. A nemi izini kafin a ɗauki bidiyo, wanda ya ce kada a nuna fuskarsa a kiyaye.

A kula, kuma wannan shi ne gargaɗin da na fi so ku riƙe: takardar halarta. Na taɓa ganin garin da aka zagaya da farar takarda aka ce kowa ya rubuta suna ya dangwala "don a san waɗanda suka zo". Bayan watanni sai ga takardar an manna ta a bayan wata yarjejeniya, a matsayin shaidar cewa gari ya yarda. Saboda haka a saman kowane shafi, ba na farko kaɗai ba, a rubuta da manyan baƙaƙe: "Sunayen waɗanda suka halarci taron gari kaza, ranar kaza. Wannan ba amincewa da wani aiki ko yarjejeniya ba ce." A ja layi a soke duk gurbin da ya rage. Kada kowa ya sa hannu a takardar da baƙo ya zo da ita, kada kuma a karɓi ambulan.

Shin a gayyaci kamfani ko jami'an gwamnati? A taron farko, a'a. Ku daidaita bakinku tukuna. A na biyu ku gayyace su a rubuce, ku ba su tambayoyin tun da wuri, su amsa a gaban jama'a, a rubuta amsar a karanta musu su tabbatar.

Za a samu matasa masu zafin rai da za su ce a je a tare hanya ko a ƙona injin. Kada a yi musu tsawa, fushinsu yana da dalili. A ba su aiki: su ne masu hoto, masu gadin littafin ƙirga, masu raka wakilai. A kuma tuna musu Bakolori. Manoman da aikin dam ɗin Bakolori ya cinye wa gonaki kusa da Talatar Mafara suna da gaskiya a kan diyyarsu, sun tare hanyoyin aikin, a Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka rasa rayuka masu yawa. Laifin na waɗanda suka yi harbi ne. Amma duk mai kiran taro yana da nauyin mayar da kowa gida lafiya, kuma injin ɗaya da aka ƙona ya isa a mayar da maganar ƙasarku maganar kama mutane.

9. Matsaya

Kafin a tashi, a tsayar da bukatu uku zuwa biyar, kowace da wanda ake nema ya yi ta da kuma wa'adi. "A kyautata mana" ba bukata ba ce. "A sake ƙirgar itatuwa tare da wakilanmu cikin kwana 30" bukata ce. A karanta da ƙarfi da kowane harshe, a ɗaga hannu, a ƙirga, a rubuta adadin waɗanda suka yarda da waɗanda ba su yarda ba. Kada a ɓoye saɓani. Takardar da ta nuna mutum 12 sun ƙi ta fi wadda ta ce "kowa da kowa" kama da gaskiya.

A zaɓi wakilai biyar, da mace a ciki, a kuma rubuta iyakar ikonsu: su kai takarda, su ji amsa, su dawo. Ba su da ikon sa hannu a madadin gari.

A kula: idan diyyar ta ƙasar gari ce baki ɗaya, sashe na 29 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba gwamna zaɓi ya biya al'umma, ko ya ba shugabanta, ko ya zuba a wani asusu. Don haka tun yanzu ku rubuta a matsayarku yadda kuke so a biya: diyyar gona ta shiga hannun mai gona kai tsaye, ta gari kuma ta shiga asusun da mutum uku ke sa wa hannu. Faɗin wannan tun kuɗi bai zo ba yana kare mutuncin basaraken kansa.

10. Kai takarda da bibiya

Cikin kwana uku a buga matsayar, da Hausa da Turanci, a haɗa da kwafin taswira, hotuna da takardar halarta. A kai wa shugaban ƙaramar hukuma, ma'aikatar ƙasa da ta muhalli, ɗan majalisar jiha da na tarayya, da wanda ake ƙorafi a kansa. Maganar gurɓata muhalli a ƙara da ofishin jiha na NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli. Ta ma'adinai a ƙara da jami'in ma'adinai na tarayya da ke jihar. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a duk suna karɓar ƙorafi kyauta, kuma suna da ofisoshi a jihohi.

Kowace wasiƙa a je da kwafi biyu: a ba da ɗaya, a sa a buga wa ɗayan hatimin karɓa da kwanan wata a dawo da shi. Wasiƙar da ba ta da wannan hatimin, gobe za a ce ba a gan ta ba. Asalin littafin ƙirga kada ya bar gari. A yi kwafi uku a ajiye a gidaje uku, a kuma ɗauki hoton kowane shafi a tura wa wani ɗan gari da ke zaune a birni.

Ku ga lauya da wuri, ko da ba ku yi niyyar shari'a ba. Akwai dokar da ta ba da wata 3 kacal a shigar da wasu ƙararraki kan jami'an gwamnati, lauya ne zai gaya muku ko ta shafi taku. Marasa hali suna iya neman Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi. Idan gwagwarmayar za ta yi tsawo, ku yi wa ƙungiyar gari rajista da amintattu a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, don ku iya buɗe asusu da shigar da ƙara da sunanta. Ana buga sanarwa a jarida a jira kwana 28 ko akwai mai ja, saboda haka ku fara da wuri.

Ranar taro na biyu a sa ta tun kafin a watse daga na farko, kada ta wuce mako huɗu. A wannan zaman wakilai su tsaya gaban jama'a su ɗaga kowace wasiƙa mai hatimi, su faɗi ofishin da suka je, wanda suka gani, abin da ya ce, da nawa aka kashe a mota. Ofishin da bai amsa ba a sake rubuta masa, a ambaci ranar wasiƙar farko, a manna kwafinta a baya. Idan an kira wakilai ganawa a otal ko a wani gida da dare, su ce sai dai a ofis da rana, kuma su je su biyar ɗin.